Kurakuran da aka fi yi a taron iyaye da malamai na ajin share fage

Duk ƙarshen zango abu ɗaya ake maimaitawa. Uba ya shigo, ko gaisuwa bai ƙarasa ba sai ya ce, "Malama, na nawa ya zo?" Yaron kuwa shekararsa huɗu. Wannan tambaya ita ke cinye minti goma ko sha biyar ɗin da aka ware wa kowane gida, a tashi ba a ƙaru da komai ba.

Ɗan shekara uku zuwa biyar ba a auna shi da na ɗaya ko na ashirin. Abin tambaya shi ne: yana waiwayowa idan an kira sunansa daga baya? Yana kusantar da littafi ga idonsa? Wanda ba ɗan gidansu ba yana gane maganarsa? Yana riƙe fensir da yatsu uku ko da dunƙulen hannu? Yana faɗa idan zai je bayan gida? Haba iyaye! Yaron da kunnensa ke zubar da ruwa sai a yi ta kiransa daƙiƙi ana dukansa har ya shiga aji uku na firamare, alhali da an yi wannan magana tun yana share fage, da tuni an kai shi asibiti an duba. Malama tana ganinsa cikin sa'o'insa, ku kuna ganinsa a gida. Sai an haɗa biyun ake gane matsala da wuri.

Kuskure na biyu, turo wakili. A aiko yayan yaro ko ɗan aike, wanda bai san ƙarfe nawa yaron ke barci ba, bai san ko yana karyawa kafin ya fito ba. Wanda ke kwana da tashi da yaro shi ya kamata ya zo, kuma galibi uwa ce. Idan ba za ta samu fita ba, maigida ya tambaye ta abu uku ya rubuta: barci, ci, da abin da ke sa yaron kuka.

Malamai ma da nasu. A tara iyaye a zauna awa biyu kan kuɗin gyaran rufi, ba a ambaci yaro ko ɗaya ba. A ware maganar kuɗi daban. Kuma kada Malama ta buɗe baki da ƙorafi. Ta fara nuna aikin yaron na farkon zango da na ƙarshe gefe da gefe.

Kada a yi wa yaro faɗa a gaban malamarsa. Kada a nemi a tilasta wa bahago rubutu da dama.

Kafin a tashi, a tsayar da abu ɗaya tak da gida zai yi, ɗaya da aji zai yi. Misali tatsuniya ta minti goma kowane dare da harshen gida, Malama kuma ta dawo da yaron layin gaba. A rubuta a bayan littafinsa, a sa ranar sake tuntuɓa bayan mako biyu.