Yadda ake ƙetare mashigar Hardknott da mota

Hanyar Hardknott tana Yankin Tafkuna a arewa maso yammacin Ingila, tsakanin kwarin Eskdale da na Duddon. Ƙololuwarta mita 393 ce kawai, amma tsayuwar hawan a wasu wurare ta kai kashi 30 cikin 100, ga kwana masu kaifi, kuma faɗinta na mota ɗaya ne.

Kafin ka tashi, duba birki da taya da ruwan lagireto, ka sha mai, don babu gidan mai a kan dutsen. Kada ka ja tirela. Da hunturu kuwa ka haƙura, ƙanƙara na mayar da kwaltar santsi.

Wajen hawa, sa giya ta ɗaya tun kafin ka shiga kwana. Canza giya a tsakiyar kwana shi ke kashe mota ta soma zamewa baya. In ta mutu, ja birkin hannu, ka tayar, ka saki kuloci a hankali. Yawan riƙe shi rabi-da-rabi ƙona shi yake yi, wari ne zai gaya maka.

Gangara ta fi haɗari. Bar injin ya riƙe motar a giya ta ɗaya ko ta biyu, ka riƙa taɓa birki jefi-jefi. In ka danne shi ba sassauci, zafi zai sa ya daina kamawa.

Mai gangarowa ke ba mai hawa hanya, a wuraren kaucewa da aka tanada. A hagu ake tuƙi. Tumaki ma suna kwanciya a kan kwalta.