Karce a jikin laftof: ku dubi jikin kafin ku goge

Jama'a, masu fama da karce a murfin laftof, ku fara duba ko jikin roba ne ko alminiyom, don maganinsu ba ɗaya ba ne.

In roba ce mai sheƙi, kuma karcen bai kama farce ba, ɗan man goge roba a tattausan ƙyalle yakan dusar da shi. Ku fara gwadawa a ƙasan na'urar inda ido bai kaiwa. Robar da ba ta sheƙi kuwa ku ƙyale ta, gurza ta zai bar wani tabo mai ƙyalli wanda ya fi karcen muni.

Alminiyom irin na MacBook, launinsa siririn rufi ne a sama kawai. Kana sa samfefa ka kankare shi, kuma ba ya dawowa. Ni dai a ganina a manna masa sitika mai rufe murfin gaba ɗaya a huta.

Don Allah a guji ruwan goge jan farce, yana cin roba. A kashe na'urar, a goge da ƙyalle mai ɗan danshi.

Yawancin karcen ma daga jaka ne, makulli da kan caja suna gogar murfin. A sama mata aljihunta daban.