Yadda za a taimaki yaron da cin zali da fargaba suka hana shi zuwa makaranta

A shekarar da ɗan ƙanwata ya shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare a nan cikin garin Gombe, wani ciwon ciki ya kama shi wanda yake da lokacin zuwa da lokacin tafiya. Yakan fara da daren Lahadi, ya yi tsanani da safiyar Litinin daidai lokacin sa kayan makaranta, har yaron ya tsuguna a bakin rariya yana kakarin amai, kunun da aka zuba masa ya huce a kofi bai taɓa ba. Da zarar an ce ya koma ya kwanta, kafin ƙarfe goma ya warware, kuma ranakun Asabar da Lahadi yakan tafi Islamiyya lafiya lau. Mahaifinsa ya ce taurin kai ne, kakarsa ta ce baki ne ya kama shi, uwarsa kuwa ta sayo maganin olsa a kemis. An shafe mako uku kafin mu gane cewa wasu 'yan aji uku ne suke tare shi a bayan ajujuwa, su karɓe kuɗin tararsa, sannan su riƙa kwaikwayon i'inarsa sauran yara suna dariya.

Abin da ya kamata iyaye su fara bambancewa shi ne gudun makaranta da ƙin makaranta. Mai gudun makaranta yana fita da kayan makaranta a jikinsa, ya zarce gidan kallon ƙwallo ko tasha, ya dawo lokacin tashi, kuma yana ɓoye wa iyayensa. Mai ƙin makaranta kuwa a gida yake maƙalewa, a gaban idon kowa, da kuka da roƙo da ciwon jiki, kuma sau da yawa yaro ne mai ladabi wanda yake son karatunsa. Ciwon nasa ba ƙarya ba ne. Idan tsoro ya kama mutum, jiki yana sakin sinadaran da suke sa zuciya bugawa da sauri, numfashi ya gajarta, aikin narka abinci ya rikice, shi ya sa ake jin murɗawar ciki da tashin zuciya da ciwon kai. An fi ganin wannan matsala a lokutan sauyi: shiga firamare a shekara 5 zuwa 7, da kuma ƙaura daga firamare zuwa sakandare a wajajen shekara 11 zuwa 13.

Duk da haka a kai yaron asibiti tukuna, domin zazzaɓin cizon sauro da taifot da tsutsar ciki da ƙarancin jini suna iya kawo irin waɗannan alamu, haka ma yaron da ba ya ganin allo sosai ko ba ya ji da kyau yana iya tsanar aji ba tare da ya san dalili ba. A samu ɗan littafi a riƙa rubuta ranar da ciwon ya zo da lokacin da ya lafa. Idan yana zuwa Islamiyya da gidan 'yan uwa ba gardama, amma makarantar boko ce kaɗai take tayar masa da hankali, to abin da yake tsoro yana can ko a kan hanyar zuwa can. Idan kuwa ko'ina ba ya yarda ya rabu da uwarsa, mai yiwuwa fargabar rabuwa ce, wadda takan biyo bayan rasuwa ko rashin lafiya ko mutuwar aure a gida.

Aiki mafi wuya shi ne sa yaron ya yi magana. Tarbiyyarmu ta koya wa yaro kunyar iyayensa, musamman uba, saboda haka idan aka tsare shi a tsakar gida ana tambayar me yake damunsa, amsar da za a samu ita ce "ba komai". A zaɓi wanda yaron ya fi sakewa da shi, ko goggo ko kawu ko baffa ko yaya, a kuma yi maganar ana wani aiki, ana ɓarar gyaɗa ko ana tafiya, domin yaro ya fi buɗe baki idan ba a zuba masa ido ba. Tambayar "don me ba ka son makaranta" tana kama da tuhuma. Gara a tambaye shi wane lokaci ne ya fi yi masa wuya a yini, ina yake zama idan an tashi tara, da wa yake dawowa gida, me ya saya da kuɗinsa jiya. Ni a kan babur na ɗauki yaron nan, muka bi ta Jekadafari kamar za mu aike, yana bayana ba ya ganin fuskata, sai da muka yi nisa ya ce da ƙaramar murya, "Kawu, idan na faɗa, za su ce na kai ƙara, kuma sai sun fi yi mini." Na ce masa na yarda da shi, ba laifinsa ba ne, kuma ba zan ɗauki wani mataki ba sai na gaya masa tukuna. Ban yi masa alkawarin rufe maganar gaba ɗaya ba, domin alkawari ne da ba zan iya cikawa ba.

Akwai kalaman da suke rufe bakin yaro na tsawon lokaci, kuma mun saba faɗinsu da kyakkyawar niyya: "kai ba namiji ba ne, ka rama mana", ko "mu ma haka aka yi mana muka girma". Yaron da ya ji haka ya fahimci cewa yanzu laifi biyu ne a kansa, ana cin zalinsa kuma ya zama rago. Ga 'ya mace abin yakan zo ta wata fuska, ta hanyar wariya da gulma da dariya a kan surar jikinta ko ɓacin tufafi lokacin al'ada, ko hotonta da ake yawo da shi a WhatsApp, ko samarin da suke tare ta a hanya. Irin wannan sai uwa ko wata mace da ta amince da ita za ta iya jiyowa.

Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan asalin ƙasar Suwidin da ya yi aiki a Norwe, Dan Olweus, wanda ya fara nazarin cin zali tsakanin ɗalibai tun shekarun 1970, ya bayyana shi da alamu uku: ana yin sa da gangan, ana maimaita shi, kuma ɓangare ɗaya ya fi ƙarfi, ko da girman jiki ko da yawa ko da matsayi. Wannan ma'auni yana da amfani idan malami ya ce ai wasan yara ne, domin wasa kowa yana dariya a cikinsa, kuma wanda ya gaji yana iya fita. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2019 ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya an ci zalinsa aƙalla sau ɗaya a cikin watan da ya gabaci binciken, kuma adadin ya fi haka a ƙasashen Afirka kudu da Sahara. A makarantun kwana abin ya zama kamar al'ada, inda siniyoyi suke ƙwace wa ƙanana garin kwaki da sukari, su sa su wanki da ɗebo ruwa, shi ya sa yaron da yake kuka fiye da kima a ranar komawa makaranta bayan hutu ya cancanci a zauna a saurare shi.

Idan an san abin da yake faruwa, sai a tafi makaranta da bayani a rubuce: rana da wuri da abin da aka yi da waɗanda suka gani. A fara da malamin aji, sannan shugaban makaranta, a kuma shiga da ladabi, domin haɗin kansu ake nema. Kada a tsaya a kan "za mu duba". A roƙi abubuwa ƙayyadaddu: a sauya wa yaron wurin zama, a sa malami ya riƙa zagaya bayan ajujuwa da wajen ban-ɗaki lokacin tara, a ware malami ɗaya da yaron zai iya zuwa wurinsa idan hankalinsa ya tashi, a kuma sa ranar da za a sake zama. A roƙi kada a fito da masu laifin a taron safe a zane su da sunan ƙarar da wane ya kawo, domin bayan an tashi yaron ne zai biya. Uba kada ya je ƙofar makaranta ya kama ɗan wani da kansa, kada kuma a tura yayye su rama. Hakan yana mayar da matsalar yara rikicin gidaje. Idan makaranta ta yi burus, akwai kwamitin al'umma mai kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, sannan sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ko ma'aikatar ilimi idan babbar sakandare ce. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 ga kowane yaro a Najeriya, saboda haka neman a kare shi a makaranta haƙƙi ne, ba alfarma ba. Wani lokaci kuma abin tsoron yana kan hanya, a lungun da zauna-gari-banza ko 'yan kalare suke taruwa. Nan sai a sauya hanya, babba ya riƙa raka shi, a kuma sanar da mai unguwa.

Daga nan sai maganar komawa, kuma a nan ne gidaje suka fi yin kuskure ta ɓangarori biyu. Wasu suna ɗaukar bulala su kora yaron, wasu kuma tausayi ya sa su bar shi a gida har zango ya ƙare. Bulala tana ƙara masa tsoro na biyu a kan na farko, ta kuma raba shi da mutanen da ya kamata ya fake a wurinsu. Zaman gida kuwa yana ba shi sauƙi nan take, kuma wannan sauƙin ne yake koya wa zuciyarsa cewa tsira tana cikin gujewa, ta yadda kowace ranar da ya ƙara a gida ƙofar makaranta tana ƙara yi masa nisa, darussa suna wuce shi, kunyar tambayar "ina ka shiga" tana ƙaruwa. Saboda haka da zarar an tabbatar da tsaronsa, a fara mayar da shi cikin kwanaki kaɗan, amma mataki-mataki, domin sannu ba ta hana zuwa.

A zauna da yaron a tsara matakan tare. Ranar farko ya sa kayan makaranta a raka shi bakin ƙofa bayan an shiga aji, ya gaisa da malamin da aka ware masa, a dawo. Washegari ya zauna darasi ɗaya, wanda ya fi so. Daga nan ya kai lokacin tara, sannan ya wuce tara a kusa da ofishin malamai ko tare da aboki ɗaya, har ya kai ga yini cikakke. Ba a tsallaka mataki sai tsoron wanda ake kai ya ragu, amma ba a jiran tsoron ya gushe gaba ɗaya, domin da shiga ake rage shi. A yi yarjejeniya da makaranta cewa ba za a dake shi a kan makara ba a wannan lokaci, ba kuma za a tilasta masa tsayuwa gaban aji ya yi karatu ba. A shirya jaka da kaya tun dare, safiya ta zama ba gaggawa ba faɗa, a koya masa jan numfashi a hankali ta hanci da fitar da shi a hankali fiye da yadda ya ja. Sallama a ƙofa ta zama gajeriya, kuma wanda ya ce zai zo ɗaukarsa ƙarfe sha ɗaya ya zo ƙarfe sha ɗaya. Ranar da ya kasa fita, kada ta zama ranar hutu: ba talabijin, ba waya, ba a tura shi shago ko talla, ya zauna da littattafansa har lokacin tashi, ba tare da zagi ba.

Addu'a tana da muhalli babba a nan. Yaron da aka koya wa addu'ar fita daga gida, yana karanta ta tare da uwarsa a zaure, ya samu abin riƙewa a lokacin da ƙirjinsa yake bugawa. Abin da nake jan hankali a kai shi ne kada neman tofi ya maye gurbin bincike, kada kuma a riƙa faɗa a gabansa cewa iska ce ta shafe shi, domin an ƙara masa wani abin tsoro ke nan. A gidan da yake da yawa, a tsawata wa sauran yara kada su laƙaba masa suna, manya kuma su zama baki ɗaya.

Akwai alamun da suke nuna cewa abin ya fi ƙarfin gida: idan an yi makonni ana ƙoƙari ba ci gaba, ko ya daina cin abinci yana ramewa, ko barci ya ƙaurace masa, ko ya koma fitsarin kwance, ko ya daina wasa da kowa. Idan ya ambaci cewa gara ya mutu, ko aka ga yana ji wa kansa rauni, a kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kawar da magunguna da maganin ƙwari daga inda hannunsa zai kai. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi suna da likitocin yara da na lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ganin irin wannan likita ba ya nufin yaro ya haukace. Maganin farko na fargabar yara zaman tattaunawa ne da ƙwararre wanda yake koya wa yaro gyara tunaninsa da fuskantar abin tsoro a hankali; ƙwaya sai likita ya rubuta, kada a sayo maganin barci a kemis.

Sauya makaranta yana da kyau idan hukumar makarantar ta ƙi ɗaukar mataki, ko an ji wa yaron rauni, ko malami ne da kansa yake muzguna masa, ko kuma an taɓa mutuncinsa, wanda wannan magana ce ta asibiti da hukuma. In ba haka ba, fargabar takan bi shi sabuwar makarantar, saboda haka ko an sauya, a bi matakan nan daga farko. A kuma sa ran ciwon cikin zai leƙo bayan hutun Sallah ko dogon hutu. Idan ya dawo, a koma mataki ɗaya baya na kwana biyu, kada a koma zaman gida. Ɗan ƙanwata a makarantarsa ya zauna. Ya ɗauki kusan mako biyar kafin ya iya yini cikakke, kuma har ƙarshen wannan zango ni nake sauke shi a ƙofa kowace Litinin, in jira ya shiga tare da wani yaro ɗan unguwarsu, sannan in tayar da babur.