Yadda ake ɗinka siket ɗin tutu ya tashi ya tsaya

Kowace sallah sai an kawo min aƙalla guda ɗaya a leda: rigar yarinya ta net, an kashe kuɗin yadi, an kwana ana tattara, amma da aka saka wa yarinyar sai siket ya lafe a jikinta kamar kazar da ruwa ya doka. Mai ɗinkin kuma ta rantse net ne bai isa ba, a ƙaro yadi biyar. Ni ma da haka na fara. Na farko da na ɗinka wa 'yar yayata ne, na zuba masa yadi tara, ya yi nauyin da har yana zamewa daga ƙugunta, kuma ko kaɗan bai tashi ba. Yayata ba ta ce komai ba, amma ranar hawan sallah atamfa na gani a jikin yarinyar.

Ba zan tsaya koya miki awo ko saka zik ba. Idan ba ki iya waɗannan ba, ki ajiye net tukuna.

Fara da sanin wanne kike so

Tutu sunan siket ɗin 'yan rawar bale ne, wata rawar Turawa ta kan dandamali, kuma ba iri ɗaya ba ne. Rashin sanin haka ke sa mai koyo ta sayi yadin wani ta ɗinka wani.

Na farko dogo ne mai laushi. A 1832 'yar rawa Marie Taglioni ta fito a gidan Opera na birnin Faris cikin wasan La Sylphide da farin siket mara nauyi wanda ya tsaya a tsakiyar ƙwauri, don masu kallo su ga ƙafarta idan ta tsaya a kan yatsu. Wannan ba a so ya tsaya, so ake ya riƙa bin iska. Hawa uku zuwa biyar na net mai laushi sun ishe shi.

Na biyu gajere ne mai tauri, shimfiɗe kamar faifai. Ya zo ne a ƙarshen wancan ƙarni, lokacin da 'yan rawar Italiya suka cika dandamalin St. Petersburg a Rasha da juyi da tsalle. Pierina Legnani ta yi juyi 32 a jere kan ƙafa ɗaya a wasan Swan Lake na 1895, kin ga irin wannan aiki ba ya son zane na harɗe gwiwa. Sai siket ya yi ta hawa sama, aka tara masa hawa goma ko fiye na net mai tauri, aka zura waya a tsakiya ta riƙe shi. Kada ki ɗinka wa ƙaramar yarinya wannan. Ba za ta iya zama a mota ba, kuma babu uwar da za ta karɓa a nan.

Na uku shi nake koyarwa. A 1950 wata mai ɗinkin kayan wasa, Barbara Karinska, ta yi wa mai tsara rawa George Balanchine a New York wani tutu da ta cire masa wayar gaba ɗaya, ta rage hawan zuwa shida ko bakwai, kowanne ya ɗara na ƙasansa tsawo, ta kama su da sakakken ɗinki. Dabararta nake ara, in ƙara tsawo ya sauka har gwiwa, ya ba da siffar ƙararrawa irin wadda ake gani a zane-zanen 'yan rawa na mai zanen Faransa Edgar Degas.

Hotunan da iyaye ke nuna miki a waya duk jikokin waɗannan ne. Tun da mai ɗinkin Faransa Christian Dior ya fito da matsattsen ƙugu da buɗaɗɗen siket a 1947 net ya ƙara yawa a ƙarƙashin rigunan fita da na amare, kuma har yau masu ɗinki irin su Giambattista Valli da Molly Goddard da tulin net aka san su. Shi kansa sunan da Turawa ke kiran yadin, tul, daga garin Tulle na Faransa ya samo asali. Mu dai a kasuwa net muke cewa.

Sayen yadi

Net biyu za ki saya, mai tauri da mai laushi. Ki damƙe shi a tafin hannu ki saki: wanda ya buɗe nan take yana ƙara, shi ne mai tauri, shi ke ɗaukar nauyi. Mai laushi ado ne kawai na sama. A Kantin Kwari ko duk inda kike saye, kada ki yarda a ce miki duk ɗaya ne don mai shagon iri guda ya rage masa.

Ga yarinya 'yar shekara biyar zuwa shida, da net mai faɗin inci 60, yadi biyu da rabi na mai tauri da yadi ɗaya da rabi na mai laushi sun isa. Yadi huɗu ke nan, ba tara ba. Ki haɗa da rabin yadi na auduga mai ƙarfi don ɗamara, da yadi ɗaya na shafi. Idan kuɗi sun yi kaɗan ki rage a na sama, ko ki sa mai tauri fari ƙarƙashin kowane launi mai haske, babu mai ganewa. Shafi kuwa ba a rowarsa. Net mai tauri kan fatar yaro a zafin Afrilu ƙuraje ne da kuka, kafin azahar an tuɓe rigar.

Yanka

Hawa shida, kuma babu biyun da za su zo tsawo ɗaya. Na sama inci 14, sai 13, 12, 11, 10, na can ƙasa 9. Biyun sama masu laushi, huɗun ƙasa masu tauri. Kowane hawa falle biyu ne na faɗin yadin, ki haɗa su baki da baki su zama doguwar tsiri ɗaya. Gajerun na ƙasa su ne ke tokare dogayen na sama, kamar yadda ake tokare rumfa. Idan duk tsawonsu ɗaya, nauyinsu a wuri ɗaya yake taruwa, su ja juna ƙasa. Abin da ya kashe siket ɗin 'yar yayata ke nan.

Ki ninke net ɗin ki danne da wani abu mai nauyi kafin ki sa almakashi, don yana gudu. Ba ya zarewa, saboda haka ba ya son kalmasa. Ki liƙa wa kowane hawa 'yar takarda da lambarsa, domin da zarar an tattara 11 da 12 ba ki ƙara bambance su da ido.

Ɗamara da tattara: nan ake faɗuwa

Kada ki tara hawa shida a kan lastik ɗin ƙugu. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani. Ƙugun ya yi kauri kamar gammo, allura ta karye, yarinya ta koma kamar an ɗaura mata tulu. Ki yanka ɗamara ta auduga ninki biyu, mai zurfin inci huɗu, ta kama daga ƙugu zuwa saman kwatangwalo daidai jiki. Ki bar bayanta a buɗe, a shimfiɗe za ki yi aikin. Daga inci ɗaya ƙasa da ƙugu ki ja layi shida da alli, rabin inci tsakanin kowanne. Kowane hawa da layinsa.

Sai tattara. Ki buɗe takun keke zuwa mafi tsawo, ki sassauta zaren sama, ki ja layi biyu a bakin net ɗin, kusa da juna. Biyu na ce. Layi ɗaya zai tsinke miki a daidai lokacin da kika kusa gamawa, kuma inci 120 ne za ki sake daga farko. Kada kuma ki ja tsirin duka a zare guda: ki raba shi huɗu, ki yanke zare a ƙarshen kowane kashi ki bar jela. Ki raba ɗamarar ma huɗu, ki haɗa alama da alama da fil, sannan ki ja zaren ƙasa a hankali har kowane kashi ya zauna a gurbinsa. In ba haka ba gaba zai cika, baya ya zama fayau. Mai keken da ke zigzag tana da sauƙi: ta kwantar da zaren saƙa ta bi ta kansa, ta ja, ba ya tsinkewa. Mu masu baƙin keke sai haƙuri.

Ga abin da ban sani ba sai da na warware wani tsohon siket na gwanjo na gani da idona. Ba a ɗinka hawan yana kallon ƙasa. Ki kwantar da shi yana kallon sama, wato jelarsa ta nufi wajen ƙugu, ki bi layin allin. Ki fara da na 14 a layin sama, sai na 13 a layi na biyu shi ma yana kallon sama a kan na farko, haka har na 9. Ta haka wurin da za ki ɗinka na gaba kullum a sarari yake, ba ki kokawa da tulin net a ƙarƙashin allura. Idan kin gama kika juyo su ƙasa, kowanne sai ya lanƙwaso daga gindinsa, kuma wannan lanƙwasar ce ke turo shi waje. Bakin tattarar ma ya ɓuya a ciki. Ranar da na fara gwada haka na ɗaga siket ɗin na ajiye a kan tebur, ya tsaya shi kaɗai babu kowa a ciki.

Allura za ta riƙa kama ramukan net tana cusa shi ƙasa. Ki rage gudu, ki riƙa danne tattarar da bakin almakashi a gaban allura, ba da yatsa ba.

Kamu

Yanzu zai yi miki buzu-buzu, kowane hawa da inda ya nufa. Ki kifa shi a tebur, ki ɗauki doguwar allura da zare mai ƙarfi, ki kama na 9 da na 10 a wurare kamar goma sha biyu a zagaye, sai na 10 da na 11, har zuwa na 12. Kowane kamu ki bar masa sarari da yatsa zai shiga kafin ki ƙulle. Idan kin matse zai yi ramuka kamar katifa. Biyun sama ki bar su sake, su ne masu motsi.

Sauran aikin kin san shi. Ki ɗinka shafi a ƙasan ɗamara ya tsaya inci ɗaya sama da bakin siket, ki rufe baya, ki sa zik gajere a ɗamarar kaɗai, ki haɗa da saman riga. Duwatsu da fulawa a saman riga za su zauna, don ko kaɗan kika jera a bakin net sai sun ja shi ƙasa.

Wuta

Dutsen guga ba ya taɓa net, narkewa yake. Tururi za ki ba shi daga nesa ki shafe da hannu. Ajiya kuma a kife, a rataye shi kai ƙasa, kada a cusa a akwati ƙarƙashin atamfofi.

Kuma ki faɗa wa uwar da bakinki lokacin da ta zo karɓa: wannan riga ba a ɗora ta a kan kaskon turare, yarinya ba ta zuwa kusa da risho ko gawayi ko kyandir ɗin kek da ita. A Nuwamban 1862 siket ɗin 'yar rawa Emma Livry ya taɓa fitilar gas a wajen gwajin wasa a Faris. Akwai maganin hana kama wuta da aka wajabta a lokacin, ta ƙi shi saboda yana sa yadi tauri da dusashewa. Ta yi wata takwas tana jinya, ta rasu a Yulin 1863 tana da shekara 20. Nata na zare ne. Namu na yau na roba ne, idan ya narke manne wa fata yake. In ana son ƙamshi a turara shafin tun kafin a haɗa, ko a fesa turare a saman riga.