Kurakuran da ke kashe tsohuwar laftof tun kwananta bai ƙare ba

Da zarar kwamfuta ta fara nauyi, sai ka ji an ce a kai ta a yi mata fomatin. Sau da yawa kuwa ba manhaja ce ke damunta ba, zafi ne. Ƙurar hunturu tana taruwa a fanka da bakin ramin da iska ke fita har ta dunƙule kamar auduga. Da firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya ji zafi ya yi yawa, sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Ko sau goma aka yi fomatin, ƙurar tana nan. Gyaran shi ne a cire batir, a buɗe bayanta, a share da burushi mai laushi. In za ka hura iska, danne fankar da yatsa, don juyawa da ƙarfi na iya lalata ta. Man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya shi ma yana bushewa. A goge tsohon, a ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa. Masu shafa man goge baki a wurin, Allah Ya shirye su.

Ɗora laftof a kan katifa ko darduma toshe mata hanci ne. Ko faranti ka samu, sa mata a ƙasa.

Sai caja. Ba duk wadda bakinta ya shiga ce tata ba. Duba lambar da ke jikin ta asali, misali 19.5V a yawancin HP da Dell, ka nemi irinta. Kuma zare ta daga soket kafin a tayar da janareta ko a kashe shi. Batir da ya kumbura kuwa cire shi nan take, kada ka danna shi.

Wasu kan jefar da kwamfuta saboda kwanan wata yana rikicewa duk lokacin da aka kunna. Ɗan batir ne mai kama da kwabo, galibi CR2032, ya mutu.

In ana son gudu na gaske, a musanya tsohon hadis (hard disk, ma'ajiyar fayiloli) da SSD mai inci 2.5, wato ma'ajiyar zamani mai sauri, ni a wurina wannan ya fi ƙarin RAM, ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. In RAM ɗin za ka saya, lura da irinsa: DDR3 da DDR3L ba wuta ɗaya suke ci ba.

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Maimakon tilasta wa tsohuwa ɗaukar Windows 11, kwashe fayilolinka a filas, ka sa mata Linux Mint, wata manhaja da ke maye gurbin Windows.