Darasi na 9: Haruffa Uku a Jikin Kwalin Magani

Ɗauko kwalin magani ko kwalbar sirof da ke ɗakinka, ka juya ta. A gefe ko a gindi za ka ga haruffa uku: EXP. An gajarta kalmar Turanci ce, expiry, wato ƙarewar wa'adi. Ita ce bakin Bahaushe ya mayar "esfaya", har ka ji an ce magani ya yi esfaya.

Bayan haruffan akwai lambobi, kamar haka: EXP 08/2027. Lambar farko wata ce, ta biyu shekara. Wata na 8 Agusta ke nan, domin da watannin Bature ake lissafin, kada ka ɗauka Sha'aban ake nufi. Idan ba a sa rana ba, wa'adin yana kaiwa ƙarshen watan. Daga 1 ga Satumba 2027 kamfanin da ya yi maganin ya cire hannunsa, ko da ƙwayar na nan fes kamar jiya aka yi ta.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne layin da ke sama da shi, MFG ko MFD. Wannan lokacin da aka haɗa maganin ne, kuma kullum ya riga ya wuce. Sau da yawa mutum zai hango tsohuwar shekara a nan, ya zubar da magani mai kyau da ya saya da kuɗinsa. Nemi layin EXP tukuna.

A katin ƙwaya kuwa, wani lokaci ba da tawada ake rubutun ba, dannawa ake yi a bakin katin. Karkata shi wajen haske, ka shafa da yatsa. Idan mai kemis zai yanko maka ƙwaya huɗu da almakashi, ce masa: "Malam, bari in ga kwanan watan kafin ka yanka."

Sirof na yara da ke zuwa a bushe kamar hoda, da zarar an zuba masa ruwa, wa'adin jikin kwalba ya tashi daga aiki. Kwanaki kaɗan yake yi, sai ka tambayi likita ko nawa ne.

Aiki

1. Karanta da ƙarfi: EXP 03/2026. Wane wata ne?
2. An rubuta MFG 11/2024, EXP 10/2027. Wanne ne wa'adin?
3. Kwafi EXP na magani biyu daga gida, ka kawo aji gobe.