Yadda ake fara kiwon kaji a gida kada fakat ta share akurki

Yawancin masu fara kiwon kaji a bayan gida ba yunwa ce ke kashe musu kaji ba. Mutum zai je kasuwar ƙauye ya sayo kaza biyar da zakara, ya gina akurki har da fenti, hunturu na shigowa sai ya wayi gari yana kwashe gawa. Shi ya sa a nan zan fi tsayawa kan rigakafin cutar fakat, sauran kuma mu bi su a gurguje.

Da farko, yanke shawarar irin kajin da za ka ajiye. Ni dai ga ɗan koyo kajin gida nake zaɓa, ko kuma Noiler, kazar da ake kiwo don nama da ƙwai, da aka riga aka raina ta yi sati huɗu ko biyar. Kada ka fara da 'yan tsakin kwana ɗaya na buroila, domin suna bukatar ɗumi dare da rana da abincin buhu, kuma kuɗin buhun yanzu ba wasa ba ne. Mai son ƙwai zalla ya nemi Shika Brown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta samar don ta jure yanayinmu, amma wannan sai hannu ya faɗa. Zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma. In zakaru suka yi yawa, faɗa kawai za su yi ta yi suna cin hatsinka.

Akurki kuwa ba sai ka sayi bulo ba. Abin da ake bukata shi ne iska ta riƙa ratsawa, ruwan sama bai shiga ba, ƙasa a bushe, ƙofa kuma ta rufu ruf saboda muzuru da gafiya. Zuba ɓuntun shinkafa a ƙasa, wanda masu injin casa kan bayar a arha, ka kwashe shi idan ya jiƙe ko ya fara wari. A gefe guda ka ajiye toka gauraye da yashi, su riƙa birgima a ciki, tana rage musu ƙwarƙwata.

To, ga inda ake faɗuwa. Fakat, wadda likitocin dabbobi ke kira Newcastle, ƙwayar bairos ce ke kawo ta. Za ka ga kaza ta takure, fukafukai sun zube, tana koren zawo, tana buɗe baki da ƙyar take numfashi, wata ma wuyanta ya murɗe tana juyi a wuri ɗaya. Idan ta kai nan babu maganin da zai warkar da ita. Kafso ɗin da ake fasawa a ruwa, da barkono, da sassaƙen maɗaci, duk ba sa kashe bairos. Wadda ta tashi, ƙarfin jikinta ne ya tashe ta. Rigakafi kaɗai ke tsare kaji, kuma lafiyayyu ake yi wa, tun kafin iskar hunturu ta fara kaɗawa.

Je shagon magungunan dabbobi ka tambayi rigakafin Lasota, ko I-2 wadda cibiyar Vom ta Jihar Filato ke yi, ita ta fi jure zafi. Ka tafi da fulas da ƙanƙara. Wanda ya sa kwalbar a aljihu ya hau acaɓa cikin rana, ya biya kasuwa ya yi cefane, to ruwa kawai ya kawo gida. Idan ka ga shagon ba firji mai aiki, fita ka nemi wani, ko da ya fi tsada.

Ranar bayarwa, da sassafe ka ɗauke musu ruwa na kamar awa biyu su ji ƙishi. Ka yi amfani da ruwan rijiya ko na burtsatse mai tsabta, ban da na famfo, saboda sinadarin kulorin da ke ciki yana kashe maganin. Mazubin ya zama na roba, wanda ba a wanke da sabulu ko omo ba a ranar. Ɗan garin madara a ruwan yana taimaka wa maganin ya daɗe da ƙarfinsa. Nutsa kwalbar cikin ruwan sannan ka buɗe ta, ka gauraya, ka ajiye a inuwa, ka tsaya a kansu sai ka ga kowace ta sha. Bayan awa biyu abin da ya rage ba shi da amfani, kada ka ce za ka adana na gobe. In kajin ba su wuce ashirin ba, ni na fi yarda da ɗiga wa kowace ɗigo ɗaya a ido, don a nan ka tabbata ba wadda ta tsallake. Kwalba ɗaya takan ishi kaji ɗari ko fiye, saboda haka ku haɗa kuɗi da maƙwabta ku yi rana ɗaya. Dama kajin unguwa tare suke kiwo, in na maƙwabcinka suka kamu, naka ma suna cikin haɗari. A maimaita duk bayan wata uku.

Sai dokar da ba na sassautawa: duk kazar da ta fito daga kasuwa, ko kyauta ce daga surukai, a killace ta ita kaɗai sati biyu kafin ta shiga cikin sauran. Kajin da ake karyar wa farashi lokacin annoba, mai su ya san abin da ya gani a gida. Wadda ta mutu kuma a binne ta da zurfi, kada a jefa bola karnuka su ja ta unguwa.

Abinci: dusa da tsakin masara ko dawa safe da yamma, ragowar tuwo da ganye, ruwa kullum. Masu ƙwai a ƙara musu dakakken ɓawon ƙwai. Kazar gida takan fara ƙwai wajen wata shida. In ta kwanta, bar mata takwas zuwa goma, kwana 21 za ta ƙyanƙyashe. Kife 'yan tsakin da uwarsu a babban kwando na wata guda saboda shirwa, ka saya musu ɗan abincin tsaki na awo a mudu. Zakarun da suka taso ka riƙe su zuwa gab da salla, lokacin suke kuɗi.